Shawara ga Masu Injin Samfefa

Salamu alaikum 'yan uwa kafintoci. Tunda injin samfefa mai bel da sanda (wato sandar da ke juyawa da samfefa a jikinta) ya fara shigowa shagunanmu na ƙauye, bari in faɗi abin da na gani a shagona a nan wajen Ringim.

Na farko dai riga. Kada ka tsaya gaban injin nan da babbar riga ko hirami a wuya. Wani yarona hannun rigarsa ya taɓa sandar tana juyawa, kafin ya ankara ta naɗe shi har gwiwar hannu. Allah ya kiyaye, fata kawai ta saluɓe. Yanzu sai ya naɗe hannun riga nake barinsa ya kunna.

A kan sanda, ka turo katako ta ɓangaren da take juyowa gare shi, kada ka bi juyinta, in ba haka ba za ta fizge shi. Ka kwantar da shi a kan tebur sosai. A bel kuwa, tazarar tebur da bel kada ta wuce milimita 2, don ƙaramin katako ko yatsa na iya faɗawa ciki. Guntun da bai kai tafin hannu ba, yi masa samfefa da hannu.

In an ɗauke wuta ko janareta ya mutu, kashe makunni nan take, kada injin ya tashi da kansa in wuta ta dawo. Cire filogi kafin ka canza bel.

Ƙurar maɗaci tana kama ƙirji, sa takunkumi da tabarau. Kuma don Allah kada a wasa ƙarfe a kan injin, tartsatsi ɗaya ya isa ya kunna garin katakon da ke ciki.