Kurakuran 'yan badujala wajen busa kiɗan bulus da bulugiras

Babban kuskure shi ne a haɗa salon kiɗa na bulus (blues) da na bulugiras (bluegrass) a yi musu busa iri ɗaya don kawai duka daga kudancin ƙasar Amurka suka fito. Tafiyarsu ba ɗaya ba ce.

Bulus rangaji yake so. Idan bugu ya rabu biyu, sautin farko yakan ci kusan kashi 2 cikin 3, na biyu ya ɗauki sauran. Masu koyo sukan zarce, su ja na farkon har kashi 3 cikin 4, sai kiɗan ya koma ɗingishi. Gyaran shi ne a rera layin da baki kafin a busa, kuma a tuna cewa idan kiɗa ya yi sauri, sautukan biyu sukan kusa daidaita. Amma a duba takarda tukuna. A Blue Shades, kiɗan badujala da Frank Ticheli ya tsara, wurare kaɗan ne kawai ake rangajin, sauran a miƙe ake busawa.

Bulugiras kuwa, wanda Bill Monroe ɗan Kentucky ya kafa, asalinsa ba ganga. Kiɗan tsirkiya ne. Babban goge mai kauri yana riƙe bugu na 1 da na 3, mandolin, wani ƙaramin abin kiɗa mai tsirkiya, yana sara a na 2 da na 4. A badujala tuba, wato babban ƙaho mai kaurin murya, ke ɗaukar aikin babban gogen, kuma a nan sauri ke mutuwa, domin sautin tuba ba ya fita nan take kamar na tsirkiya. Mai tuba ya gajarta sautinsa, ya shirya iska kafin bugu ya iso. Masu saran kuma su yi shi gajere, a bushe. Mai ganga ya rage hannu.

Sautin banjo, wani abin kiɗa mai tsirkiya na bulugiras, da an taɓa yake dusashewa, shi kuwa mai kilarinet ya saba riƙe sauti har ƙarshe. Idan mutum goma suka riƙe, layin zai cakuɗe. A fito da kan sautin da harshe, a sake shi.

Dogon layin goge ba shi da wurin numfashi, tunda mai goge ba ya buƙatarsa. A raba: kowa ya sa alamar inda zai shaƙi iska da fensir, dabam da na kusa da shi.

Sai lanƙwasa sauti. Saukar da sauti na 3 ko na 7 a jerin matakan sauti kaɗan aikin mutum ɗaya ne, mai busa tilo. Idan dukan masu saksafon suka lanƙwasa, kowa da nasa gwargwado, mai sauraro zai ɗauka kayan ne ba a saita ba.