Yadda Ake Auna Inuwa Don Gane Zawali da La'asar

Tsawon inuwa yana bin tashin rana ne. Da sassafe, rana tana digiri 10 a saman ƙasa, inuwar abu ta kusa ninka tsawonsa sau shida. Idan ta kai digiri 30, inuwar sandar mita ɗaya santimita 173 ce. A digiri 45 inuwa da abin sun yi daidai. Daga nan sai ta yi ta gajercewa har rana ta take, sannan ta koma gabas ta fara ƙaruwa. Wannan juyawar ita ce zawali, farkon lokacin Azahar.

A samu sanda miƙaƙƙiya, da igiya, da tef na awo, da 'yan tsakuwoyi. A kafa sandar a fili mai lebur inda bango ko bishiya ba za su tare rana ba, a bar mita ɗaya cif a waje, domin lissafi ya yi sauƙi. A ɗaura dutse a zare a sake shi kusa da sandar. Idan ba su tafi tare ba, sandar ta karkace, kuma duk awon da za a yi ya ɓaci.

Kada a zauna jiran ganin inuwa mafi gajarta da ido. Kusa da tsakar rana tsawonta kusan ba ya motsi, mutum zai iya kuskure da minti ashirin bai sani ba. Dabarar da ta fi ita ce da'ira. Da hantsi, wajen ƙarfe 10, a ajiye tsakuwa a ƙarshen inuwar, a ɗaura igiya a gindin sandar a zana da'ira ta bi ta kan tsakuwar. Bayan rana ta karkata, inuwar za ta sake taɓa da'irar ta wancan gefen; a sa tsakuwa ta biyu. Layin da ya haɗa su gabas da yamma ne. A raba shi biyu, a ja layi daga tsakiyar zuwa gindin sanda: kudu da arewa ke nan. Kowace rana, da zarar inuwa ta hau wannan layin, rana ta take. A auna tsawonta a rubuta, ita ce inuwar zawali.

Inuwar nan ba ta tsayawa wuri ɗaya cikin shekara, nan ne mutane suka fi tuntuɓe. A Kano, wadda ke digiri 12 arewa da ikwaita (layin da ya raba duniya kudu da arewa), wajen 21 ga Disamba inuwar zawali santimita 71 ce, tana fuskantar arewa. Wajen 21 ga Maris ta koma kusan 21. Wajen 22 ga Afrilu da 21 ga Agusta rana tana bisa kai sosai, inuwa ta ɓace ƙarƙashin sanda. Tsakanin ranakun biyu kuwa kudu take faɗawa, ta kai santimita 20 a Yuni. Saboda haka a riƙa sabunta awon kowane mako.

A mazhabar Malikiyya, La'asar tana shiga idan inuwa ta kai tsawon abin, bayan an ƙara inuwar zawali. A Disamba ke nan 100 da 71, wato santimita 171. Wanda ya manta ƙarin ya tsaya a 100, zai yi sallah fiye da awa ɗaya kafin lokaci. Awon ƙafa na malaman zaure shi ma haka yake: ana ɗaukar tsawon mutum ƙafarsa bakwai, inuwar zawalin hunturu a Kano kusan ƙafa biyar, La'asar goma sha biyu. Sai dai a cire takalmi, a haɗa diddige da yatsu ba tare da barin rata ba.

Agogo kuma ba ya nuna zawali a ƙarfe 12. A Kano yana yawo tsakanin 12:10 a farkon Nuwamba da 12:40 a tsakiyar Fabrairu, Maiduguri kuma tana riga Sakkwato da kusan rabin awa. Ranar da hazo ya yi kauri bakin inuwa yakan dushe. A shimfiɗa farar takarda a wurin, a ɗauki tsakiyar dushewar a matsayin ƙarshe.