Kurakuran da ake ta maimaitawa wajen fassara tsofaffin hotunan titi

Na gaji da ganin abu ɗaya. Mutum zai samu hoton ƙarni na 19, ga shahararren gini, ga wasu bayin Allah a gindinsa da ba wanda ya san sunansu, nan take sai ya shiga ba da labarin rayuwarsu kamar da shi aka yi. Bai tambayi yadda aka ɗauki hoton ba, balle wanda ya ɗauka da dalilinsa.

A fara da titin da ake gani fayau. Sai ka ji an ce ai a da birane ba cunkoso. Dubi hoton da Louis Daguerre ya ɗauka na titin Boulevard du Temple a Paris a 1838. Titi ne na hada-hada, keken doki da masu tafiya a ƙasa, amma farantin ƙarfen da hoton ke fitowa a kansa sai ya yi mintuna a buɗe kafin ya kama, don haka duk mai motsi ya ɓace. Wanda ya fito sosai shi ne wani da ya tsaya ana goge masa takalmi. Ni idan na ga titi ba kowa, ƙara girman hoton nake yi in nemi dishi-dishi a bakin ƙofofi da gefen hanya, domin nan ne waɗanda suka ɗan dakata suke barin alama.

Babban kuskuren, wanda ya taɓa sa ni rushe dogon rubutu na sake shi daga tushe, shi ne ɗaukar duk mutumin da ke jikin gini a matsayin mai wucewa. Da yawansu ajiye su aka yi. Maxime Du Camp, wani Bafaranshe mai ɗaukar hoto da ya zagaya Masar tsakanin 1849 da 1850, yakan sa wani matuƙin jirgin ruwa ɗan Nubiya ya hau gunki ko ya tsaya jikin ginshiƙi don mai kallo ya gane girman wurin. Mutum ɗaya ne a hotuna da dama. Ma'auni aka mayar da shi, amma sai ka ga an rubuta cewa ga yadda mutanen yankin suke zama a inuwar kufai. Gidan hoton Bonfils da aka buɗe a Beirut a 1867 kuwa masu yawon buɗe ido yake sayar wa, kuma abin da suke son gani ake shirya musu: a sa wa mutum tufafi, a ba shi tulu ko sanda, a rubuta masa sana'a a ƙasa.

Haba jama'a! Rubutun ƙasan hoto na mai sayarwa ne, ba shaidar wanda aka ɗauka ba. Mutumin da ke cikin irin wannan hoto ba a tambaye shi ba, ba a rubuta sunansa a ƙasan hoton ba, sannan ku zo bayan shekara fiye da 150 ku ƙara ɗora masa talauci ko baƙin ciki saboda bai yi murmushi ba? Tsayuwa ba motsi aka ce ya yi, kuma murmushi a hoto bai zama al'ada ba tukuna. Abin da nake yi yanzu shi ne jera hotunan mai ɗauka ɗaya gefe da gefe, in duba fuska, rawani da tsayuwa. Idan na ga sun maimaitu a wurare masu nisa da juna, na san ɗan rakiya ne.

Sauran ƙanana ne. Hoton farantin Daguerre a juye yake kamar madubi, dama ta koma hagu. Sinadaran ɗaukar hoto na farko sun fi kama shuɗi, shi ya sa sama take fitowa fari fat, ja da rawaya su yi duhu, don haka kada ka yanke hukunci kan launin riga ko fata. Launin da ke katin gaisuwa na shekarun 1890 daga baya aka ƙara shi. Hatimin gidan waya ranar aikawa yake nunawa, hoton kan iya girme shi da shekaru.

Idan shekara kake nema, bar tufafin mutane ka dubi ginin. Hasumiyar Eiffel da ba a kammala ba tana nufin tsakanin 1887 da 1889. Gunkin Giza na Masar mai kan mutum da jikin zaki kuma sau da dama ana tone shi yashi yana sake rufe shi, sai aikin da aka fara a 1925 ya fito da shi gaba ɗaya.