Yadda Ake Ɗaukar Shatar Jirgin Ruwa Don Shaƙatawa a Legas

Da yawa daga cikin Hausawan da ke zaune a Agege, Idi-Araba ko Obalende sun shekara goma ko fiye a Legas, amma ba su san ruwan garin ba sai ta tagar mota, lokacin da suke tsallaka gadar Third Mainland mai tsawon kusan kilomita 12. Alhali kuwa hawa ruwan ba ya buƙatar mutum ya mallaki jirgi, domin haya ake bayarwa, kuma duk wanda ya iya ɗaukar shatar mota a tasha zai iya wannan, muddin ya gama kowace magana tun ƙafarsa tana kan tudu.

Wanda bai taɓa shiga jirgin ruwa ba, ya fi kyau ya fara gwada kansa da jirgin fasinja na gwamnatin jiha, wato LAGFERRY, wanda ke jigila tsakanin tashoshi irin su Ikorodu, Falomo, CMS da Apapa. Jiragen suna da faɗi da rufi, kuma a tafiya ɗaya mutum zai gane ko yana cikin masu hajijiya da tashin zuciya a kan ruwa, kafin ya kashe kuɗin shata. Manyan kulob-kulob irin su Lagos Yacht Club, wanda aka kafa a 1932, na mambobi ne da baƙinsu, saboda haka ba nan mai neman haya zai nufa ba.

Sai zaɓen wurin zuwa, domin nisa ne ke yanke farashi. Tarkwa Bay, wani bakin teku da ke kusa da mashigar jiragen Legas, ita ce mafi sauƙi: daga CMS ko Falomo tafiyar ba ta cika wuce minti ashirin ba, kuma shingen duwatsun da aka yi don kare mashigar jirage ya sa ruwan gaɓarta ya fi na sauran bakin teku kwanciya. Ilashe ta fi nisa, ana bin mashigin da ya nufi Badagry, kuma galibi masu gidajen hutu na can su ne ke haɗa baƙo da jirgi. Wanda ba ya son sauka ko'ina yana iya yin hayar awa ɗaya ko biyu, a zaga da shi ta Five Cowrie Creek, tsakanin Ikoyi da Victoria Island, a ratsa ƙarƙashin gadar Lekki da Ikoyi da aka buɗe a 2013.

A wajen ciniki ne ake yin kuskure mafi yawa. Jirage iri biyu za a fi nuna maka: buɗaɗɗen kwale-kwalen inji da ake kira banana, da kuma mai rumfa da kujerun zama, wanda ya fi tsada amma ya fi dacewa da iyali. Kada ka tsaya ga jin kuɗi dunƙule. Ka tambaya ko man fetur yana cikin kuɗin, ko farashin na zuwa da dawowa ne, ko kuɗin tashar da na shiga bakin ruwan a kan wa suke, sannan, abin da ya fi duka muhimmanci, ko matuƙin zai jira ku ne ko zai tafi ya dawo. Na taɓa yin sakaci da wannan tambaya ta ƙarshe, muka biya kuɗi gaba ɗaya, mai jirgi ya sauke mu ya koma ɗibar wasu fasinjoji, bai waiwaye mu ba sai da rana ta yi ja, muna tsaye a kan rairayi da yara da kulolin abinci, wayarsa tana ta ringi ba ya ɗauka. Tun daga ranar, kafin alƙalami kawai nake bayarwa, ragowar kuma sai an dawo da ni inda aka ɗauke ni.

Ka hau a tashar da hukuma ta sani. Hukumar kula da hanyoyin ruwa ta LASWA, wadda jihar Legas ta kafa a 2008, da takwararta ta tarayya NIWA, duk sun wajabta sanya rigar kariya mai hana nitsewa, kuma sun hana ƙananan jirage tafiyar dare. Rigar kuwa ba karɓa kawai ake yi ba: ka ja maɗaurinta ka ga bai tsinke ba, ka matsa soson ka ji bai ruɓe ba, ka ɗaure ta tamau yadda ba za ta zame ta kai ba idan aka ɗaga ta daga kafaɗa. Yaro yana buƙatar daidai jikinsa, domin rigar babba a jikin ɗan shekara biyar ado ce kawai. Mai babbar riga ya naɗe ta ya sa a jaka, mata kuma su cusa gefen mayafi a cikin rigar kariyar. Idan ka ƙirga kujeru ka ga mutane sun fi su yawa, ka sauka, ko da an ce maka wuri ne na kusa.

Lokaci ma yana da nasa hukunci. A watannin Yuni da Yuli ruwan sama ya fi ƙarfi, hadari kuma yana iya haɗuwa cikin ɗan lokaci. Daga ƙarshen damina kainuwa takan rufe sassan ruwan, musamman wajen Ikorodu, har ka ga matuƙi ya kashe inji, ya ɗago farfela yana cire ciyawa da leda da hannu. Idan haka ta faru a zauna shiru, kada kowa ya miƙe leƙe. A hanyar Tarkwa Bay kuma ana haɗuwa da manyan jiragen dakon kaya masu shiga Apapa da Tin Can, kuma matuƙin kirki yakan rage gudu ya fuskanci taguwar da suka tayar, ba ya barin ta buge shi ta gefe.

Waya da kuɗi a sa su cikin leda a ƙulle, a tafi da ruwan sha da tabarma ko darduma. A fita da hantsi, a yi azahar a can, a kuma shaida wa matuƙi tun da safe cewa da la'asar za a juyo, ta yadda ko inji ya ba da matsala a hanya, akwai sauran hasken rana da wani jirgin zai hango ku ya jawo ku zuwa tasha.