Yadda ɗan wasan hokin ƙanƙara na jami'a ke bi daga ranar da aka zaɓe shi har ya shiga NHL

A ƙarshen watan Yuni na kowace shekara ƙungiyoyi 32 na gasar NHL, babbar gasar hokin ƙanƙara ta Amurka da Kanada, suna zama su raba matasan 'yan wasa a tsakaninsu. Zagaye 7 ake yi, kowace ƙungiya ta ɗauki ɗaya a kowane zagaye, wato kimanin mutum 224. Yaron da aka kira sunansa da wuri zai hau dandamali, a saka masa rigar ƙungiyar da hularta, a yi hoto, mahaifiyarsa tana share hawaye. Mai kallo zai ɗauka kakarsa ta yanke saka. Amma da yawa daga cikinsu, in watan Satumba ya kama, aji za su koma da jakar littattafai a baya, ba albashi, ba kwantiragi. Ga yadda tafiyar take, mataki bayan mataki, idan kai ne yaron, ko ɗanka ne, ko kuma kana son ka fahimci labaran da kake gani.

Da farko, ka gane abin da zaɓen ya ba ka

Zaɓen nan baiko ne, ba ɗaurin aure ba. Ƙungiyar ta yi kamu, ta hana sauran 31 su neme ka, amma ba ta ɗauke ka aiki ba, kuma ba dole ba ne ta ɗauke ka. Wanda ya cika shekara 18 kafin 15 ga Satumba na shekarar ya isa a zaɓe shi, kuma ba sai ya rubuta takardar barin makaranta ba. A nan hoki ya sha bamban da ƙwallon kwando ko ƙwallon zari-ruga na Amurka, inda shiga zaɓe kan zo da sallama da wasan jami'a. A hoki ana iya zaɓenka yau, gobe ka ci gaba da buga wa jami'arka har shekara huɗu, muddin ba ka sa hannu a kwantiragin ƙwararru ba. Ranar da ka sa hannu, ƙofar wasan jami'a ta rufe.

Saboda haka abin da za ka fara yi shi ne ka riƙe alƙalaminka. Ka nemi mai ba da shawara wanda ya san dokokin hukumar NCAA, mai kula da wasannin jami'o'in Amurka. A cikin harkar ana kiransa mashawarcin iyali, duk da kowa ya san yawancinsu dillalan 'yan wasa ne da ke jiran ranar da za ka zama ƙwararre. Kada ka karɓi kuɗi ko kyauta daga ƙungiyar ko daga dillali sai ofishin da ke kula da bin ƙa'ida a jami'arka ya ce ba laifi. Tun daga 2021 ɗalibi yana iya samun kuɗi ta hanyar talla da sunansa da hotonsa, amma wannan hanya daban ce da albashin ƙungiya.

Na biyu, ka ci moriyar jami'ar

Jami'o'i sittin da 'yan kai ne ke buga rukuni na ɗaya na hokin maza, kuma sunayen da aka fi ji su ne Michigan, Minnesota, North Dakota, Denver, Jami'ar Boston da Boston College. Wasa kamar 34 ake bugawa kafin a shiga zagayen fidda gwani, yawanci daren Juma'a da daren Asabar. A NHL an daɗe ana buga 82. Wannan ƙarancin wasa shi ne ribar ɗalibi: daga Litinin zuwa Alhamis yana da lokacin ɗaga ƙarfe, gyara gudun takalminsa da koyon tsarin wasa. Yaro ɗan shekara 18 siriri kamar sanda sai ya fito bayan shekara biyu da ƙirji da cinya. Kuma ba da sa'o'insa kaɗai yake karawa ba, don da yawa ba sa shiga jami'a sai sun kai 20 bayan sun yi wasan matasa a gasa irin USHL, to ka ga akwai 'yan shekara 24 a fili, masu gemu, waɗanda za su haɗa shi da bango ba tausayi.

Duk bazara ƙungiyar da ta zaɓe ka za ta gayyace ka sansanin horon matasanta na 'yan kwanaki, kuma cikin shekara jami'anta za su riƙa zuwa kallon wasanka, su kira ka a waya, su ce gyara kaza. Ka saurare su, amma ka tuna kocin jami'a ne ke da ikon saka ka a fili ranar Juma'a.

Wani sauyi ya shigo da ya ƙara zafin neman gurbi. A Nuwamba 2024 NCAA ta janye haramcin da ta daɗe da sa wa 'yan manyan gasannin matasa na Kanada, daga Agusta 2025 suka fara shiga jami'o'in Amurka. Gavin McKenna, wanda ake ta maganarsa a Kanada, ya tafi Penn State ta wannan ƙofa. Wurin da kake ganin naka ne a layin farko, wato sahun manyan 'yan wasan ƙungiya, yanzu akwai ƙarin masu ido a kansa.

Na uku, kuma mafi wuya: yaushe za ka fita?

A nan ake gane wanda ya sami shawara ta gari. Babu amsa ɗaya, amma akwai misalan da za ka auna kanka da su.

Akwai masu shekara ɗaya. Jack Eichel ya yi kaka ɗaya a Jami'ar Boston, ya ci kyautar Hobey Baker ta gwarzon ɗan wasan jami'a a 2015, Buffalo ta ɗauke shi na biyu, ya wuce kai tsaye. Macklin Celebrini ya maimaita haka a wannan jami'ar a 2024, San Jose ta ɗauke shi na ɗaya. Irin waɗannan ba su da yawa, kuma in kana cikinsu ba sai an faɗa maka ba.

Akwai masu komawa ko da an ɗauke su a sama. Owen Power shi ne na ɗaya a zaɓen 2021, amma ya koma Michigan ya ƙara shekara, shi da Matty Beniers da aka ɗauka na biyu. Misalin da na fi so shi ne na Cale Makar. Colorado ta ɗauke shi na huɗu a 2017, ya tafi Jami'ar Massachusetts da ke Amherst, wadda a lokacin ba a lissafa ta cikin manya. Bayan shekarar farko yana iya fita, ya zauna. Dubi yadda makonsa na ƙarshe ya kasance a Afrilun 2019. Ranar Juma'a aka ba shi Hobey Baker. Ranar Asabar ya buga wasan ƙarshe na gasar jami'o'i a Buffalo, Minnesota Duluth ta doke su da ci 3 da nema. Ranar Lahadi ya sa hannu. Ranar Litinin, 15 ga wata, yana Denver cikin wasan fidda gwani na NHL da Calgary, garin da aka haife shi, ya kuwa jefa ƙwallo a raga a wasansa na farko. Shekara uku bayan haka ya ɗaga kofin Stanley, kofin zakarun NHL, aka kuma ba shi kyautar gwarzon wasannin fidda gwani. Bai taɓa sauka ƙaramar gasa ba. A ganina shekarar nan ta biyu da ya ƙara ita ce ta sa ya shigo a nune.

Sai kuma waɗanda aka ɗauka can ƙasa aka ce sun cika ƙanƙanta. Johnny Gaudreau, Calgary ta ɗauke shi na 104 a 2011. Ya yi shekara uku a Boston College, ya ci Hobey Baker a 2014, sannan ya fita. In a zagaye na huɗu ko na shida aka kira ka, ka sa a ranka cewa jami'a gidanka ce na shekara uku ko huɗu.

Tambayoyin da za ka yi wa kanka su ne: na fi ƙarfin wannan gasa har babu abin da zan ƙara koya? Jikina zai ɗauki wasa uku ko huɗu a mako? Sannan, wa ke gabana a ƙungiyar? Idan mai tsaron baya ne kai kuma suna da shida masu dogon kwantiragi, fitarka da wuri motar bas ce a ƙaramar gasa, ba jirgin sama ba.

Na huɗu, ka san ranar da baikon ke mutuwa

Wannan ne makamin da ke hannun ɗan jami'a. Bisa yarjejeniyar da aka daɗe ana aiki da ita tsakanin NHL da ƙungiyar 'yan wasa, wanda ya kammala shekarunsa huɗu bai sa hannu ba, haƙƙin ƙungiyar a kansa yana ƙarewa ranar 15 ga Agusta na shekarar da ya gama. Washegari yana iya zaɓar duk inda ya so.

Jimmy Vesey ya yi haka. Nashville ta ɗauke shi a zagaye na uku a 2012, ya yi shekara huɗu a Harvard, ya ci Hobey Baker a 2016, ya ce ba zai sa hannu ba. Nashville ta musanya haƙƙinsa zuwa Buffalo don kada ta tashi a tutar babu, Buffalo ma ta lallaba ta gaji, 15 ga Agusta ta wuce, ya tafi New York Rangers. Kafin shi Kevin Hayes ya bar Chicago ta wannan hanya a 2014, shi ma Rangers ya nufa. Adam Fox bai ma jira ranar ba: Calgary ta ɗauke shi a 2016, da ta ga alamar ba zai zo ba ta tura shi Carolina, Carolina ta tura shi Rangers a 2019, a 2021 kuma ya ci kyautar Norris ta gwarzon mai tsaron baya. Cutter Gauthier ya ƙi Philadelphia, aka musanya shi zuwa Anaheim a Janairun 2024, magoya bayan Philadelphia kuwa sun yi masa ihu sosai ranar da ya fara zuwa garinsu.

Ban ga laifin yaron da ya yi amfani da dokar da aka rubuta ba, tunda ita ma ƙungiya tana iya yar da shi ba tare da ko sallama ba. Sai dai makami ne mai kaifi biyu. In ka jira shekara ta huɗu ka ji rauni a gwiwa, ko wasanka ya ja baya, babu mai bin ka. Kuma ka sa mashawarcinka ya karanta maka sabuwar yarjejeniyar da aka cimma a 2025, mai fara aiki daga kakar 2026-27, domin ta taɓa wa'adin riƙe haƙƙin waɗanda aka zaɓa.

Na biyar, karanta kwantiragin farko da idon basira

Kwantiragin shiga yana da tsari da ba a cika ciniki a kai ba. Ɗan shekara 18 zuwa 21 yana sa hannu na shekara uku, ɗan 22 ko 23 na shekara biyu, ɗan 24 na shekara ɗaya. Albashin yana da rufi, kusan dala miliyan ɗaya a shekara. Amma mai fuska biyu ne: wannan kuɗi na ranakun da kake NHL ne kawai, in an sauke ka zuwa AHL, ƙaramar gasar da ke ƙarƙashin NHL, albashin shekara bai kai dala 100,000 ba.

Abin da ake ja-in-ja a kai shi ne abin da 'yan harkar ke kira ƙona shekara. Kakar jami'a tana ƙarewa a Maris ko farkon Afrilu, ta NHL kuwa da sauranta. Idan ka kai 20 ka sa hannu nan take aka saka ka a wasa, shekarar farko ta kwantiragin ta tafi, ka matso kusa da kwantiragi na biyu inda kuɗin gaske yake. Shi ya sa ƙungiyoyi ke amfani da wannan wajen lallashin ɗalibin da suke tsoron ya kuɓuce musu. Ɗan 18 ko 19 kuwa, in bai buga wasa 10 ba, shekarar tana zamewa gaba, ba ta ƙone ba. Wata hanyar ita ce a ce kwantiragin ya fara kaka mai zuwa, ka ƙarasa wannan a AHL da takardar gwaji.

Na shida, AHL da abin da ke bayanta

Yawancin waɗanda suka fito daga jami'a nan suke fara sauka. Kowace ƙungiyar NHL tana da ƙanwa a AHL, ƙasa da ita kuma akwai ECHL. Tafiyar bas ce mai tsawo, wasa a jere, ga tsofaffin ƙwararru masu iyali da ke kare abincinsu. Ko kariyar fuska ma ta sauya: a jami'a dole ne ka rufe fuska gaba ɗaya da ragar ƙarfe ko gilashi, a nan rabin gilashi ne, haƙoranka suna waje. Wanda ya ci ƙwallaye da yawa a jami'a sau da yawa sai ya koyi wani aiki, kamar tare hari lokacin da aka kori abokinsa na minti biyu, kafin a kira shi sama.

In shekaru suka ja kira bai zo ba, Turai tana nan: Suwidin, Finlan, Suwizalan da Jamus duk suna da gasa masu biyan albashi mai kyau. Wanda kuma ba a taɓa zaɓensa ba kada ya ɗauka an gama. Martin St. Louis ya gama Jami'ar Vermont babu ƙungiyar da ta kira sunansa, ya bi ta ƙananan gasa, a 2004 ya ci kofin Stanley da Tampa Bay tare da kyautar gwarzon gasar, a 2022 kuma Montreal ta ba shi aikin koci.

Idan ka fita kafin ka kammala digiri, ka tambayi jami'arka tun kafin ka tattara kaya yadda za ka ƙarasa kwasa-kwasan da suka rage lokacin hutun bazara ko ta intanet. Da yawa sun yi hakan. Ken Dryden, mai tsaron raga da ya yi Cornell, ya ci kofin Stanley sau 6 da Montreal, kuma a tsakiyar tashensa, da suka saɓa da ƙungiyar kan albashi, ya ajiye wasa kakar 1973-74 gaba ɗaya ya tafi aiki a ofishin lauyoyi a Toronto. Ya dawo ya ci wasu kofuna huɗu a jere, ya yi ritaya yana ɗan shekara 31, daga baya ya zama ɗan majalisa kuma minista a gwamnatin Kanada.