Ga iyayen da ɗansu zai fita zangon sikawut karo na farko

Assalamu alaikum, 'yan'uwa iyaye. Shawarata ita ce ku bar yaron ya haɗa jakarsa da hannunsa, ku kuma ku zauna gefe kuna duba abin da ya saka. Dalilin yana cikin tsarin sikawut kansa: tun zangon farko da Baden-Powell, wanda ya kafa ƙungiyar sikawut, ya yi a tsibirin Brownsea na Ingila a 1907, ya raba yaran zuwa rukuni 4, kowane rukuni da yaro guda a matsayin jagora, domin su koyi ɗaukar nauyin kansu. Yaron da uwarsa ta shirya masa komai yakan rasa inda tocilansa yake idan dare ya yi, alhali yana cikin jakar.

Kayan da ba a wasa da su sun haɗa da gidan sauro, tabarma, buta, gorar ruwa, kofi, cokali da takalmi mai rufe ƙafa saboda kunama da ƙaya. Idan lokacin hunturu ne, a ƙara bargo da man shafawa, domin sanyin asuba a fili ya fi na cikin ɗaki tsanani sosai. A rubuta sunansa a jikin kowane abu, tunda kayan yara kama suke da juna.

Kafin ranar tafiya, ku je da kanku ku ga shugaban ƙungiyar, ku tambayi adadin manyan da za su kwana tare da yaran, da asibitin da ya fi kusa da wurin. Idan yaron yana da asma ko sikila, ku miƙa maganinsa ga shugaban hannu da hannu, tare da rubutaccen bayanin yadda ake shansa.