Kurakuran da aka fi yi wajen gasa kirambul na sitiroberi ba alkama ba madara

A gidaje da dama a Zariya akwai wanda likita ya hana wa alkama saboda cutar siliyak, ko yaron da cikinsa ba ya karɓar madara, kuma irin waɗannan su ne ake bari da kallo idan an fito da kek ranar sallah ko ranar suna. Abin da ya fi sauƙin gasa musu shi ne kirambul, wato a shimfiɗa 'ya'yan itace a ƙasan kwano, a barbaɗa musu garin da aka murza da mai da sukari, a gasa har saman ya yi ja ya yi ƙarau. Tunda ba a neman ya kumbura, rashin gulutin, sinadarin da ke sa kwaɓin alkama danƙo, ba ya rage masa komai. Amma duk da sauƙinsa yakan lalace a hannun masu girki da yawa, kuma kusan wurare ɗaya ake tuntuɓe.

Kuskuren da ya fi kowanne haɗari yana faruwa tun kafin a kunna wuta. Shinkafa da gero da dawa da masara da acca duk ba su da gulutin, sai dai idan uwargida ta aika da shinkafarta injin niƙa a kasuwar Sabon Gari ko Samaru, mai yiwuwa wadda ta riga ta alkamar funkaso ko ta alkaki ta niƙa, kuma ragowar da ke maƙale a cikin injin a garin shinkafar za ta fito. Ƙa'idar da duniya ta amince da ita ita ce kada gulutin ya wuce miligiram 20 a cikin kilo ɗaya na abinci, abin da ido ba zai taɓa gani ba. Saboda haka a niƙa a gida da bilenda mai tsabta, ko a sayi garin da aka rufe a leda aka rubuta cewa ba shi da gulutin. A ware masa rariyarsa da ludayinsa, domin rariyar da aka taɓa tankaɗe fulawa da ita ba ta wankuwa sarai. A kuma tuna cewa Semovita da kuskus daga alkama ake yin su, ko da yake mutane da yawa ba sa ɗaukar su a matsayin alkama.

Haka abin yake ga mai. Da yawa suna zaton botar da ake sayarwa a roba don yin kek ba ta da alaƙa da saniya tunda daga man tsirrai aka yi ta, alhali sau da yawa ana zuba mata madarar gari, kuma sai wanda ya karanta jikin robar zai sani. Man kwakwa ya fi aminci, amma ba a auna shi daidai da bota, domin kusan kashi 80 cikin ɗari na bota ne kawai mai, shi kuwa man kwakwa mai ne zalla. Inda aka ce giram 100 na bota, giram 80 ya wadatar. Sannan yana narkewa da zarar zafi ya haura digiri 24, ga shi ranar Zariya a watan Maris da Afrilu takan doshi 40, don haka idan aka murza gari da shi a narke sai ya zama dunƙule mai maiƙo. A sa shi a firij ya ɗan daskare, a murza da kan yatsu da sauri har garin ya yi tsaki-tsaki. Da sanyin safiyar hunturu kuwa ba a ma buƙatar firij.

Wasu kuma gari iri ɗaya suke ɗauka su maye gurbin fulawa da shi. Garin shinkafa shi kaɗai yakan yi garas-garas kamar yashi a baki, garin kwakwa kuwa ya tsotse man gaba ɗaya ya bar saman a bushe. A ganina haɗin da ya fi dacewa shi ne giram 100 na garin shinkafa mai laushi, da giram 50 na garin acca ko na aya, da giram 30 na sitacin rogo, da giram 70 na sukari, da ɗan gishiri, wanda bai kamata a manta da shi ba tunda man kwakwa ba shi da gishiri ko kaɗan.

Babbar matsalar da ta fi ɓata wa mutane rai ita ce ruwa. A Turai irin waɗannan 'ya'yan itace, sitiroberi da rasberi da buluberi, suna nuna tsakanin Yuni da Agusta, mu kuwa sitiroberinmu daga tsaunukan Jos yake zuwa a lokacin rani, kuma kafin ya iso nan wasu sun riga sun murje a hanya. Kusan kashi 90 cikin ɗari na jikinsa ruwa ne. Idan aka cire koren ganyen kansa sannan aka jiƙa shi a roba, sai ya ƙara shan ruwa, ya shiga oba ya saki duka, saman ya nitse ya zama kunu. Gyaran shi ne a ɗauraye shi da ganyensa, a baza a kan tsumma mai tsabta ya tsane, sannan a cire ganyen, a raba manyan biyu, a zubar da duk wanda ya fara furfura. Ga rabin kilo a cakuɗa babban cokali biyu na sitacin masara da cokali uku na sukari da ruwan rabin lemun tsami. Wanda ya sayo daskararru daga kanti kada ya bari su narke, a juye su a daskare; idan kuwa ɗauke wuta ya narkar da su, a tsiyaye ruwan tukuna. Tunda sitiroberi yana da tsada, ba laifi a haɗa rabi da mangwaron da bai yi luguf ba, wanda shi ma yakan fara shigowa kasuwa a watan Maris.

Sai gaggawar saukewa. Sitaci ba ya kama ruwa sosai sai ya tafasa, don haka launin saman kaɗai ba shaida ba ne. A gasa a digiri 180 na minti 35 zuwa 45, a jira sai an ga jan romon yana ɓulɓulowa a gefen kwanon. Masu gashi a tukunya da yashi a kan gawayi su lura cewa zafinsu daga ƙasa yake zuwa, tururi kuma yana taruwa a murfi yana ɗiga a kan garin, saboda haka su ɗora 'yan garwashi a kan murfin, su ɗan karkata shi tururin ya samu hanyar fita. Kwanon tangaran ko na gilashi mai jure wuta ya fi na alminiyon, domin tsamin 'ya'yan itacen yakan ɗauko ɗanɗanon ƙarfe.

Bayan an sauke a bar shi a buɗe na minti 20 zuwa 30 romon ya yi kauri, kada a rufe shi da zafinsa don kada saman ya saki. Mai son abin zubawa a kai ya tace madarar aya ko ta kwakwa mai kauri, ya sanyaya ta kafin a kawo.